An ce sankarar jinin ɗana ta kwanta, me ya sa zai ƙara shekara biyu yana shan magani?

"Assalamu alaikum Likita. Ɗana mai shekara shida an gano yana da sankarar jini, irin wadda suke rubuta ALL a katinsa. Mun sha wahalar watannin farko, yanzu an yi gwajin ɓargo an ce ba a ga cutar ba. Amma sun ce zai ci gaba da shan wata ƙwaya kullum da dare, wata kuma sau ɗaya a mako, har kusan shekara biyu. Duk gwajin da aka yi sai a ce fararen ƙwayoyin jininsa sun yi ƙasa, likitan kuma ya ce haka ake so. Kakarsa ta sayo masa maganin ƙarin jini, an ce kada a ba shi. Ni malamin kimiyya ne a sakandare, ina roƙon a yi mini bayani mai zurfi: yaya magungunan nan suke aiki, kuma tunda cutar ta tafi, me ake kashewa?" Wani uba daga Gusau.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ba yaronmu lafiya, ku kuma Ya saka muku da wannan ɗawainiya. Idan na fahimce ka, abu uku ne suka tsaya maka a rai: me ya rage da ake kashewa tunda gwaji bai ga komai ba, me ya sa likita yake gamsuwa da abin da kai kake gani illa ce, sai kuma dalilin hana maganin da kowa ya sani na gyara jini ne. Amsoshin ukun tushensu ɗaya, wato yadda waɗannan ƙwayoyi biyu suke aiki. Ban ga katin yaron ba, amma daga yadda ka siffanta, ta kullum ɗin markaftofurin ce, wadda ake gajarta ta 6-MP, ta mako-makon kuwa metotirekset, MTX a takardun asibiti. Tunda kimiyya kake koyarwa, ba zan yi maka ƙwauron bayani ba.

Abin da "ba a ga cutar ba" yake nufi

Ranar da aka gano cutar, yaro kan iya ɗauke da ƙwayoyin sankara kusan tiriliyan ɗaya, a ɓargo da jini da saifa da hanta. Maganin watan farko yana karya lagonsu, ta yadda idan aka zuƙo ɓargo aka shafa a gilashi aka duba da madubin likita, ƙwayoyin da ba su balaga ba ba sa kai biyar cikin ɗari. Wannan shi ne muke cewa cutar ta kwanta. Sai dai ido da madubi suna da iyaka. Yaro zai iya tsallake wannan gwaji alhali akwai sauran ƙwayoyin cutar har biliyan goma a jikinsa. Akwai gwaji mai zurfi da ake kira MRD, wanda ke iya zaƙulo ƙwaya ɗaya cikin dubu goma, amma shi ma yana da inda ganinsa ya tsaya.

A shekarun 1960 wani masani mai suna Howard Skipper, a jihar Alabama ta Amurka, ya nuna a jikin ɓeraye cewa kowane zagaye na magani wani kaso yake kashewa, komai yawan ƙwayoyin ko ƙarancinsu. Yi lissafin da kanka, Malam: idan zagaye yana kashe 99 cikin 100, biliyan ɗaya zai koma miliyan goma, miliyan goma ya koma dubu ɗari, dubu ɗari ya koma dubu, kuma tsakanin zagaye da zagaye waɗanda suka tsira suna hayayyafa. Ya kuma nuna ƙwaya ɗaya tak mai rai ta isa ta dawo da cutar ta kashe ɓeran. Don haka abin da ake kashewa yanzu shi ne ragowar da babu na'urar da ke ganinta.

Yadda magungunan suke yaudarar ƙwayar sankara

Kowace ƙwayar halitta, kafin ta rabu biyu, dole ta kwafi DNA ɗinta kaf, wato kundin gadon da ke cikinta. Tubalan ginin huɗu ne, waɗanda kake koya wa ɗalibanka: A da G, dangin furin, sai C da T, dangin firimidin. Ƙwaya tana samun su ta hanya biyu, ko ta ƙera sabbi daga tushe, ko ta tsinci tsofaffi daga waɗanda suka rushe ta sake amfani da su. Dangin magungunan da muke magana a kansu, antimetabolait, an ƙera su ne su yi kama da waɗannan tubala ko da kayan da ake ƙera su da su. Ka ɗauka magini ne kake so ka hana shi tada katanga. Ko dai ka tsayar da masu buga masa bulo, ko ka cusa masa bulon jabu mai kama da na gaske, ya ɗora, katangar ta zube daga baya. MTX na farkon yake yi, 6-MP na biyun.

Ga inda amsar tambayarka take: maginin da ba ya kan aiki, bulon jabu ba ya yi masa komai. Magungunan nan ba sa taɓa ƙwaya sai a lokacin da take tsakiyar kwafar DNA. Ƙwayoyin sankarar da suka rage kuwa, da yawansu a kwance suke, suna iya yin makonni ko watanni ba su motsa ba, sannan wata rana ɗaya ta farka ta fara rabuwa. Babu wanda ya san ranar. Dabarar ita ce duk ranar da ta farka ta tarar da magani a jiki yana jiranta. Shi ya sa a wannan mataki daɗewa da rashin tsallake rana su ne ƙarfin maganin, fiye da yawansa.

Ba da ka aka tsayar da shekara biyun ba. A Jamus an kwatanta wata 18 da wata 24, na 24 ya fi. A Japan, a shekarun 1990, an gwada taƙaita maganin gaba ɗaya zuwa shekara ɗaya, sai yaran da cutar ta dawo musu suka ƙaru. Abin lura a wannan gwaji na Japan shi ne yara da dama sun warke duk da gajartawar. Wato akwai yaran da shekara biyu ta yi musu yawa, amma har yau ba mu da hanyar ware su tun farko da tabbacin da za a sa ran yaro a kai, don haka kowa ake ba.

MTX da folik asid

Folik asid ka san shi, ƙaramar ƙwayar nan rawaya da ake ba masu juna biyu da masu sikila. Jiki yana buƙatarsa wajen ƙera tubalin T da kuma dangin furin. Amma duk lokacin da aka yi amfani da shi wajen ƙera T, sai ya koma wata siffa da ba ta aiki, har sai wani inzayim, wato sinadarin jiki mai sarrafa wasu sinadarai, mai suna DHFR ya sake ɗaura masa ɗamara. MTX kama yake da folik asid ƙwarai, bambancin gyara biyu ne kacal a jikin sinadarin. DHFR yana kama shi a zaton na gaske ne, kuma riƙon da MTX yake yi masa ya ninka na asalin kusan sau dubu. Inzayim ya toshe, folat mai aiki ya ƙare, babu T, kwafar DNA ta tsaya cak, ƙwayar ta mutu.

Asalin gano wannan ma daga irin tunanin kakar yaron ya faro. A 1947, Sidney Farber, likita a asibitin yara na Boston, ya ba wasu yara masu sankarar jini sinadarai dangin folik asid, da tunanin abin da ke gyara jinin mai ƙarancin jini zai taimaka musu. Sai ya lura cutar ƙara gudu take yi. Ya juya tunanin: idan folat yana ciyar da ita, to mai toshe folat zai sa ta yunwa. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Indiya, Yellapragada Subbarow, da abokan aikinsa a kamfanin Lederle suka ƙera masa aminofterin, yayan MTX. A 1948 Farber ya wallafa sakamakon yara 16, goma daga ciki cutar ta kwanta musu, abin da ba a taɓa gani ba. Amma kwanciyar ta ɗan lokaci ce, cutar ta riƙa dawowa. Sai da aka shafe shekaru, musamman da aikin Donald Pinkel a asibitin St. Jude na Memphis daga 1962, kafin a gane cewa sai an haɗa magunguna da yawa, an bi cutar har cikin ruwan ƙwaƙwalwa, kuma an daɗe ana yi.

Za ka ce to me ya sa MTX sau ɗaya a mako, tunda na ce a kullum ake son magani a jiki? A jini ba ya daɗewa, cikin yini guda ƙoda ta fitar da mafi yawansa a fitsari. Amma wanda ya shiga cikin ƙwaya, ƙwayar da kanta take liƙa masa jelar gulutamet, kamar yadda take yi wa folat na gaske don ta adana shi. Da wannan jela ba ya iya fita, sai ya zauna ciki kwanaki yana aiki. ALL jinsi biyu ce, B da T, gwargwadon irin farar ƙwayar jinin da ta samo asali daga gare ta (wannan T ba tubalin DNA ba ne). Ƙwayoyinta sun ƙware wajen wannan liƙi, musamman na jinsin B. Na jinsin T ba su kai su ba, shi ya sa sukan buƙaci adadi mafi yawa a matakin farko.

A nan zan ja hankalinka da ƙarfi. MTX na mako-mako idan aka sha shi kullum, ko na mako ɗaya ne, yana iya kisa. Kuma ƙwayar MTX mai miligiram 2.5 ƙarama ce rawaya, ta folik asid ma ƙarama ce rawaya. Na taɓa karɓar yaro da aka kawo bakinsa ya sale tun daga leɓe har maƙogwaro, miyau na dalala don ba ya iya haɗiyewa. Da muka ce a zazzage ledar magani a kan tebur, sai ga ƙwayoyin biyu a kulli ɗaya, an ɓare su daga kwalinsu don sauƙin tafiya. Mahaifiyar ta je biki na kwanaki, wadda aka bar wa yaron ta riƙa ɗauko rawaya ɗaya kowace safiya. Ya rayu, amma da ƙyar. Ku bar kowane magani a kwalinsa, ku rubuta ranar MTX da babban baƙi a jikin kwalin, kuma mutum ɗaya ya zama shi ne mai bayarwa. Mai juna biyu kada ta ɓare ko ta daka ƙwayar da hannunta, don MTX yana lahanta ɗan tayi.

Maganin da kaka ta sayo kuwa, kusan duk irin waɗannan ruwan ƙarin jini da ƙwayoyin bitamin akwai folik asid a ciki. Ana gudun ya rage wa MTX kaifi. Ga kuma sinadarin ƙarfe, wanda yaron da aka sha yi wa ƙarin jini ya riga ya tara fiye da buƙata. Hasken da kuke gani a fatarsa daga ɓargon da magani ya danne yake, kayan haɗin jini ba su yi masa ƙaranci ba. Abinci dai ba a hana ba: wake, alayyahu, zogale, ƙwai, hanta, ya ci abinsa, in dai an dafa da kyau. A gaya wa kaka cikin ladabi cewa niyyarta mai kyau ce, ta mayar da kuɗin wajen cefanen miyarsa. Idan ka ji wani mai ciwon gaɓɓai yana shan MTX tare da folik asid, kada abin ya rikita ka. Can kumburi ake son kwantarwa, likita ne ke haɗa su da gangan.

Wataƙila a watannin baya ka ga an ɗaura masa wata ledar ruwa rawaya fatau, an rufe ta daga haske, nas tana zuwa tana tsoma ɗan tsinken takarda a fitsarinsa. Wannan MTX ne mai yawa, a wasu tsare-tsaren har giram 5 ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki, alhali na makon da yake sha yanzu wajen miligiram 20 ne. Adadi ne da zai kashe mutum idan aka bar shi haka. Ana yin sa ne don maganin ya kutsa wuraren da cutar ke ɓuya. Ruwan da ake ta ɗura masa da sinadarin baikabonet kuwa don MTX yana daskarewa a cikin ƙoda idan fitsari ya yi tsami, tsinken takardar na tabbatar da ma'aunin pH bai gaza 7 ba. Bayan awa 24 zuwa 42, gwargwadon tsari, sai a fara ba da lukoborin, wani folat da ya riga ya zama mai aiki, ba ya buƙatar DHFR, don ya ceci lafiyayyun ƙwayoyi. Ka ga mu ma muna ba da folat, amma da agogo a hannu, bayan an bar MTX ya yi aikinsa.

6-MP da hanyoyinsa uku

Gertrude Elion ce ta ƙera 6-MP a 1951, a ɗakin binciken George Hitchings na kamfanin Burroughs Wellcome. Ta ɗauki haifozantin, wani furin na asali, ta cire oksijin ta sa sulfa a matsayi na shida. An amince da shi a Amurka a 1953, su biyun kuma suka samu kyautar Nobel a 1988 tare da James Black.

Ƙwayar da yaro ya haɗiya ba ta aiki da kanta. Kaɗan ne ma daga cikinta yake kaiwa jini, galibi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, kuma ya bambanta daga yaro zuwa yaro. Wanda ya shiga yana bin ɗayan hanyoyi uku. Ta farko ita ake so: hanyar tsintar tsofaffin tubala ta ɗauke shi, ta sarrafa shi ya zama mai kama da G, a gina shi cikin DNA. Masu gyaran kuskuren DNA su zo su yi ta yanka suna ɗinkewa ba ta gyaru ba, har ƙwayar ta hallaka kanta. Ta biyu, inzayim ɗin zantin oksides a hanji da hanta ya lalata shi ya fita a fitsari. Ta uku, inzayim ɗin TPMT ya karkatar da shi, kuma abin da ke fitowa daga nan shi ne yake wahalar da hanta idan ya taru. MTX yana taimakon 6-MP ta wata fuska mai kyau: da ya hana ƙwaya ƙera furin sabo, sai ta dogara da tsinta, ta ƙara kwasar jabun.

TPMT gado ne. A binciken da aka yi a kan Turawa, kusan mutum ɗaya cikin goma nasa rabi yake aiki, ɗaya cikin 300 kuwa kusan babu. Irin wannan yaro idan aka ba shi adadin kowa, wajen miligiram 50 zuwa 75 ga murabba'in mita, duk maganin sai ya kwarara hanya ta farko, ɓargonsa ya durƙushe. Shi wajen kashi ɗaya cikin goma na adadin ya ishe shi. Akwai irin wannan gado a mutanen Afirka ma, sannan a Gabashin Asiya an fi samun matsalar a wani mai suna NUDT15. A ƙasashen da ke da hali ana yin gwajin kafin a fara. A wurinmu yawanci jinin yaron ne yake ba mu labari.

Wannan ya kawo mu ga gamsuwar likitanka. Tunda yara biyu masu nauyi ɗaya za su sha ƙwaya ɗaya amma abin da ya isa ɓargonsu ya sha bamban, kuma ƙwayoyin sankarar da ake hari ba a ganinsu balle a ƙirga, to lafiyayyun fararen ƙwayoyi su ne ma'auninmu. Idan sun sauka, mun san magani yana isa ɓargo. Wanda muke dubawa shi ne nutirofil, nau'in farar ƙwayar jinin da ke yaƙar ƙwayoyin cuta, kuma yawancin tsare-tsare suna son ya zauna tsakanin 500 da 1,500 a kowane mikrolita, wasu sukan ɗaga ƙasan zuwa 750. Idan ya faɗi ƙasa da 500 a dakata ko a rage, idan ya daɗe a sama a ƙara. Ni a wurina, yaron da gwajinsa kullum yake fitowa tas kamar na mai lafiya ya fi tayar mini da hankali. Ko adadin ya yi masa kaɗan, ko ba a ba shi. Sau da yawa idan na zauna da iyaye a natse, ba tare da faɗa ba, sai a ce maganin ya ƙare an jira albashi, ko an ga ya murmure an tausaya masa. Wani babban bincike a Amurka ya nuna yaran da shansu ya gaza 95 cikin 100 na abin da aka rubuta, haɗarin dawowar cutar ya ƙaru a kansu a fili. A wata guda, tsallake kwana biyu ya isa ya kai yaro ƙasa da wannan layi.

A da muna tsananta cewa sai da dare, cikin da babu abinci, ban da madara, saboda madarar shanu tana ɗauke da zantin oksides. Binciken baya-bayan nan ya nuna wannan bai kai muhimmancin da muka ba shi ba, in dai ana sha kullum a lokaci ɗaya. Ka bi abin da asibitinku ya tsara, kada ku riƙa sauyawa, don a kan yadda kuka saba aka daidaita adadin. Idan an manta har gari ya waye, kada a ninka, a rubuta a faɗa wa likita. Ƙananan yara a kan 6-MP wani lokaci sukarinsu yakan faɗi da asuba, don haka kada ya kwana da yunwa, kuma idan ya tashi yana gumi da kasala a ba shi abin ci nan take a sanar da asibiti.

Abin da ke kemis

Hatsarin da na fi gani daga kemis ɗin unguwa yake zuwa. Aibufurofen da daikulofenak da asfirin suna rage fitar MTX ta ƙoda. Fansidar shi ma mai toshe folat ne, haɗa shi da MTX ƙarin nauyi ne a kan ɓargo. Septrin haka yake, duk da cewa mu da kanmu muke rubuta shi kwana biyu ko uku a mako don kare huhu daga wata cuta mai kama masu raunin garkuwa. Wannan an lissafa da shi, amma ƙara wani a kai don gudawa ko tari ganganci ne. Alofurinol, da wataƙila aka ba shi a makon farko don kare ƙoda, yana toshe zantin oksides, don haka idan ya haɗu da 6-MP sai an rage 6-MP zuwa kashi ɗaya cikin uku ko huɗu. Abin sha'awa, sinadaran da ke cikin Fansidar da Septrin masu toshe DHFR, da alofurinol ɗin kansa, duk daga ɗakin binciken Hitchings da Elion suka fito.

Zazzaɓi kuwa, a ƙasarmu kowa maleriya yake fara kawowa a rai. Ga ɗanka, zafin jiki da ya kai 38 a ma'auni na nufin asibiti a wannan sa'a, ko da tsakar dare ne. Mai ƙarancin nutirofil ƙwayar cuta tana iya mamaye jininsa cikin awoyi, kuma ba lallai a ga mugunya ko kumburi ba. A yi gwajin maleriyar a can, tare da allurar kashe ƙwayoyin cuta. Kada a ba shi farasitamol a kwanta a ga abin da gari zai waye da shi. Idan idonsa ya yi rawaya, wannan hanta ce take kuka da 6-MP, a kai shi a auna, kada a jiƙa masa saiwar shawara, hantar ba ta da sararin ƙarin aiki. Ƙyanda da ƙarambau suna yi wa irinsa mummunan kamu. Rigakafin ƙyanda shi an ɗage masa sai bayan an gama, amma 'yan'uwansa a tabbatar an yi musu, kuma idan ta ɓulla a ajinsu a kira likita a ranar.

Sauran dangin, a taƙaice

Allurar gadon baya da ake yi masa lokaci-lokaci MTX ce, wani sa'in da sitarabin da haidirokotizon. Ƙwaƙwalwa tana da shingen da ke tace abin da ke shiga daga jini, maganin baki ba ya ratsa shi yadda ya kamata, sai a zuba kai tsaye cikin ruwan laka. Sitarabin jabun C ne. Asalin tunaninsa daga wata halittar teku mai kama da soso a yankin Karibiyan ya fito, an amince da shi a 1969, kuma shi ne ginshiƙin maganin AML, ɗaya nau'in sankarar jini mai saurin kamu. Jiki yana lalata shi cikin ɗan lokaci, shi ya sa a AML ake ɗaura shi dare da rana har kwana bakwai, tare da kwana uku na wani magani, tsarin da ake kira 7+3 tun 1973. Dalilin dai shi ne wanda na faɗa maka, a riski kowace ƙwaya lokacin da take kwafa. Idan aka ba da mai yawa yana sa jan ido, shi ya sa ake haɗawa da ɗigon ido, kuma yana iya taɓa ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da daidaiton tafiya, don haka kafin kowace allura mukan sa majiyyaci ya sa hannu a takarda mu ga ko rubutunsa ya sauya. Akwai fuludarabin da kiladiribin da azasitidin, na wasu nau'o'in ne da suka fi kama manya. Haidiroksiyuriya da masu sikila suke sha ma makusancin wannan gida ne.

Inda bayanina ya tsaya

Duk adadin da na ambata don ka fahimta ne. Likitan da ke riƙe da katin shi ya san jinsin cutar, da rukunin haɗarin da aka sa yaron, da yadda jininsa ya saba amsawa, kada a sauya ko rabin ƙwaya sai da saninsa. Ba kuma zan ɓoye maka ba, ko an bi komai daidai akwai yaran da cutar take dawo musu, don ƙwayar sankara tana iya sauya halinta ta daina shigar da maganin ko ta koyi lalata shi. A ƙasashe masu arziki kusan yara 90 cikin 100 masu ALL suna rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa, yaran da ke warkewa daga sankara ba su kai 30 cikin 100 ba, kuma a 2018 ta sa burin kai 60 kafin 2030. Magungunan iri ɗaya ne a can da nan, tsofaffi ne ma. Tazarar ta fi zuwa daga makara wajen ganowa, da mutuwa ta hanyar zazzaɓin da ba a kai asibiti da wuri ba, da yankewar magani, da barin jinya a tsakiya. Ɗanka ya riga ya haye mataki mafi wuya, ragowar kuma mafi yawansu a hannunku suke.

A zuwanku na gaba ka nemi a rubuta maka ranar da ake sa ran kammalawa, don wasu tsare-tsaren suna ba yara maza lokaci fiye da mata. Ka tambayi inda za ku sayi maganin da aka amince da ingancinsa, kuma ku riƙa sayen na wata mai zuwa tun na hannu bai ƙare ba. Ka karɓi lambar da za a kira da dare. Bayan an gama ma za a ci gaba da gwajin jini, da farko wata-wata, sannan a riƙa tazara. Tunda namiji ne, a riƙa duba marainansa lokacin wanka, don nan ma wuri ne da magani ba ya shiga sosai. Kumburi ko tauri a ɗaya, ko da ba ya ciwo, a kai shi a wannan makon.